Jan Tumatirin da Ya Tafi da Yaya Sale

Wai ni yaron nan zai karanta wa Ikko a cikin waya. Ni! Ina zaune a tsakar gida da hantsi ina tsaga tumatirin da zan shanya kauɗa, sai ga shi ya faɗo ko cikakkiyar sallama babu, ya jawo turmina ya ɗare a kai, abin da nake hana shi tun yana yawo ba wando. Jikana ne, ɗan babban ɗana. Sunan yayana Sale aka sa masa, shi ya sa bakina ba ya iya kama sunan, Mai-suna nake ce masa. Yanzu magidanci ne, da matarsa da 'yarsa mai koyon zama, amma har gobe in ya shigo wurina sai ya nemo abin da zai tayar mini da hawan jini.

"Tsohuwa, buɗe kunne ki sha ilimi kyauta," in ji shi, yana shafa fuskar wayar da ɗan yatsa. "Jihar Legas tana kudu maso yamma, a bakin teku. Duk jihohin ƙasar nan ita ce mafi ƙarancin fili, amma mutane kamar su taka juna. A can babban birnin ƙasa yake kafin a mayar da shi Abuja. Akwai tashar jiragen ruwa, akwai tsibirai, akwai gadoji a kan ruwa..."

"Legas ɗin me? Ikko dai," na ce. "To, an ji. Jarrabawa za ka yi, ko ni za ka yi wa?"

"Tafiya zan yi, Kaka. Mun haɗa mota ni da abokan nomana, za mu kai tumatir da kanmu, mun gaji da wulaƙancin dillalai. Ni suka zaɓa in raka kayan."

Wuƙar ta tsaya cak a hannuna.

Ku da kuka buɗe ido kuka tarar da ruwa yana gudu a bayan gidajenku rani da damina, ba za ku gane yadda ƙasar nan take a da ba. Da zarar an ɗaure dawa an zuba a rumbu, shi ke nan gari ya mutu. Maza su saɓa sanda da buzu su tafi ci-rani, a bar mu da tsofaffi da awaki. Abin da kunne yake ji bai wuce luguden taɓare da sassafe ba, da guga yana dukan bangon rijiya kafin ya kai ga ruwa, sai kuma jigon ban ruwan Baba can a fadama yana kuka ƙiii, ƙiii, kamar mai ciwon baya. 'Yan kwaman lambunsa, ƙananan fagagen da ake ba ruwa ɗaya-ɗaya, ba su da yawa, tumatir ne da albasa da ɗan tattasai, iya abin da jaki ɗaya zai kai kasuwar Bunkure. A tsinka da safe, a sayar kafin azahar, a ci shi a miyar wannan ranar. Wanda ya fi ja shi ake fara ɗauka, wanda bai nuna ba kuwa ko kallonsa mai saye ba ya yi. Iyakar abin da muka sani game da tumatir ke nan, mu da iyayenmu da kakanninmu. Yanzu fa? Injin ban ruwa yana tatata a nan, injin casar shinkafa yana gurnani a can, babura da adaidaita sun hana kaji tsallaka hanya. Mutum ya yi maka sallama sai ya maimaita kafin ka ji.

Ina 'yar budurwa aka kawo manyan motocin tonon ƙasa suka tsaga gonaki, aka ce hanyar ruwa ake yi. Wa ya aiko su? Ikko. A wancan zamanin komai Ikko ne. In an canja kuɗi, Ikko. In soja sun karɓi mulki, Ikko. In mai unguwa ya kunna rediyonsa a ƙofar gida maza suka kewaye shi, labarin da za a fara da shi na Ikko ne. Ba wanda ya taɓa ganinta a garinmu, amma muna jin nauyinta kamar yadda ake jin nauyin surukin da ba a taɓa haɗuwa da shi ba. Ranar da aka fara sako ruwa a kanal, wallahi gari duka ya fita. Muka riƙa bin kan ruwan a ƙafa yana turo kara da busasshen ganye, mata suna guɗa sai ka ce rakiyar amarya. Baba ya tsuguna ya ɗebo da tafin hannu ya shafa a fuska, ya ce, "Ruwa da rani, ba guga ba jigo. Allah ya saka wa mutanen Ikko da alheri." A shekarar ba namijin da ya tafi ci-rani. Kowa ya zuba tumatir, kuma ya yi kyau, ya yi kyan da ya zama masifa. Kasuwar Bunkure ta cika, ta Kura ta cika, a kai kwando a dawo da shi, har jakuna suka fara kau da kai in an zuba musu.

Ana cikin haka wani direba mutumin Kura, wanda ake kira Na-Ikko saboda yawan zuwansa can ɗauko goro, ya tsaya a garinmu shan fura. Shi ya ce musu a Ikko tumatir kamar zinare yake, don ƙasarsu ba ta yinsa sosai, ga baki ba iyaka. Maza suka zaunar da shi a gindin tsamiya suna ta yi masa tambaya, mu kuma muna leƙe ta jikin zana. Ya ce garin a bakin wani ruwa yake wanda ba a hango ɗaya gaɓarsa, ruwan da yake tasowa ya fi tsayin soro ya faɗo da ƙara, dare da rana ba hutu.

"Duk ruwan nan," in ji Baba, "kuma ba wanda ya ja shi gona?"

"Ai ba ya shayar da shuka, Malam. Gishiri ne."

"Kai, ji tsoron Allah! Wa ya zuba masa?"

Aka yi ta dariya, amma Baba bai yarda ba. Yaya Sale yana gefe, ya waigo ya hango idona a jikin zana, ya yi mini alama da gira. Da ya shigo gida ya ce, "Bari in je, 'yar Inna. Zan ɗuro miki shi a kwalba ki ɗanɗana, mu ga tsakanin Baba da Na-Ikko wa ya fi gaskiya." Haka yake. Dogo ne, marar hayaniya, ga kunya kamar mace mai sabon aure. In ya dawo ci-rani ko bai sayi komai wa kansa ba sai ya ƙullo mini awarwaro ko ɗan madubi. Da aka yanke shawarar haɗa mota a kai tumatir Ikko, shi mutanen gari suka zaɓa ya raka ta, saboda ko allura ka ba shi ajiya za ka tarar da ita inda ka bari.

To, a nan ne maza suka yi abin da har yau in na tuna sai in ji kamar in tashe su daga kabari in yi musu faɗa. Na-Ikko ya gaya musu ƙiri-ƙiri, ya ce a tsinko wanda ya fara juyawa, kore-kore da ɗan ja a gindi, shi zai nuna a hanya. Baba ya miƙe tsaye har hularsa na karkacewa.

"Ɗanye? Garin da shugaban ƙasa yake kwana za mu aika wa ɗanye? Mutanen da suka kawo mana ruwa har ƙofar gida? A je a ce mutanen ƙasar Kura ba su san ya kamata ba?"

Sauran dattawa duk suka ce gaskiyarsa. Al'adarmu ce, in gona ta yi nunan fari, mafi kyau ake zaɓa a kai wa babba, liman ko mai gari ko suruki, kuma ba a taɓa jin wanda ya kai wa babba abin da bai nuna ba. Su a ganinsu Ikko ita ce babbar manya. Inna ta yi gyaran murya daga bayan zana ta ce, "Malam, nunanne fa ko a ɗakina ba ya daɗewa." Baba ya ce, "Ke da ko Kano ba ki taɓa zuwa ba, me kika sani game da Ikko?" Sai ka ce shi ya taɓa zuwa! Na-Ikko ya kaɗa kafaɗa ya ce shi dai tuƙi ne nasa.

Haka muka shiga gonaki, mata da maza, muna zaɓen jajaye zur, waɗanda in ka taɓa za ka ji sun yi laushi kamar kumatun jariri. Muna goge kowanne da gefen zane. Kore-koren da ya kamata a aika kuwa, shi aka bar mana mu ci a gida. Aka jera kwanduna a bodin katako, wani kan wani, aka rufe da ciyawa. Ban taɓa ganin kaya mai kyan wannan ba, kuma ban ƙara gani ba. Yaya Sale ya sa sabuwar rigarsa ta sallah, ya tsuguna gaban Baba a bainar jama'a. Baba ya dafa kansa ya ce, "Guminmu ne gaba ɗaya a hannunka. Kada ka dawo mana da kunya." Iyakar guzurin da ya ba shi ke nan. Inna ce ta cusa masa ƙullin ƙuli-ƙuli a aljihu.

Na-Ikko shi kaɗai ya dawo. Ya tsaya a gindin tsamiyar nan, ya kasa haɗa ido da kowa. Ya ce tun kafin su tsallake kogin Kwara mota ta fara ɗigar da jan ruwa a kan kwalta, ga zafi, ga taya ta fashe musu a daji. Da suka shiga Ikko ƙudaje ne suka yi musu rakiya har kasuwa. 'Yan gwari suka toshe hanci, ba wanda ya yarda ko ya hau motar. Da shebur aka kwashe kayan aka zubar a juji. Ya ce Yaya Sale ya tsaya yana kallo har aka gama, rigar sallarsa ta yi jaga-jaga, da aka ce ya hau su koma sai ya ce, "Da wace fuskar? Ka ce musu ina nan tafe in na samu abin da zan riƙo." Inna ta zauna daɓas a ƙasa. Baba kuwa ya ce, "Ya san hanyar gida," ya shige turakarsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ba mutum ɗaya a garin nan da ya ga laifin Yaya Sale. Ko ɗaya! Kowa ya san wanda ya ce a tsinko ja. Kafin rani ya zagayo abin ya zama abin dariya, in yarinya ta cika kwalliya sai a ce ta yi jan Ikko. Aka koma tsinkar kore-kore, motoci suka yi ta tafiya suna dawowa lafiya, mutane suka yi rufin kwano, wasu suka je Makka. Shi kuwa wanda aka ɗora wa kayan yana can yana ɓuya daga kunyar da tuni kowa ya manta da ita. Shi da taurin kunya, Baba da taurin kai. Ɗaya ya kasa dawowa, ɗaya ya kasa cewa a dawo, mu mata muna tsakiya muna haɗiyar zuciya.

Ni a haka na san Ikko, ba a waya ba. Duk ɗan gwarin da ya dawo, Inna sai ta aika masa da fura ta ce a tambayo mata. Wani ya ce ya gan shi a Agege cikin Hausawa yana ɗinkin buhu, da ya hango ɗan garinmu sai ya sulale ta bayan rumfa. Wani ya ce a'a, a Apapa yake, tashar jiragen ruwa, yana dako, jiragen kuwa kowanne ya fi unguwarmu girma. Wani ya ce ya hange shi a kan wata doguwar gada, ruwa hagu ruwa dama, motoci sun cushe ba gaba ba baya. Daga baya aka ce ya koma wani ƙauyen masunta can wajen iyakar ƙasa, inda bishiyar kwakwa ta fi mutane yawa, wai har ya iya Yarbanci. Inna takan zauna a kan dakalin ƙofar gida, inda ake hango titi, tana jera sunayen nan kamar mai jan carbi. Ta san inda ake sayar da kifi a Ikko, ta san damina biyu suke yi, ta san unguwar da ruwa yake shiga ɗakuna, ita da ba ta taɓa wuce Kura ba. Ranar da rediyo ya ce gwamnati ta tashi daga Ikko ta koma Abuja, Inna ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Shugaban ƙasa da kansa ya kwashe kayansa ya baro garin, shi Sale me ya zauna yi?"

Sai da Baba ya tsufa tukuf, idonsa ya fara hazo, sannan wata rana ya kira wani ɗan gwari ya ce, "In ka gan shi, ka ce ya dawo, ba komai." Ba komai! Kalmar da ba ta fi numfashi ɗaya ba, sai da ya riƙe ta har gemunsa ya yi fari fat. A lokacin kuwa ba sauran wanda ya san inda Yaya Sale yake. Baba ya rasu, Inna ta bi shi. Ni ga ni nan, har yau in na idar da salla ban san addu'ar da zan yi masa ba, ta mai rai ko ta mamaci.

Shi ya sa ranar lodin su Mai-suna na ɗauki sandata na hau adaidaita har bakin titi, ina jin matan gida suna cewa ina za ki da wannan ƙafar. Yanzu ba kwando, akwatunan roba ne masu huji, tumatirin kuma irin na zamani ne mai tauri kamar goriba, kore-kore yadda ya kamata. Wannan kam sun koya. Na ce to, alhamdu lillahi. Ana gama ɗaure tamfol sai ubansa, ɗan da na haifa da cikina, ya kama kafaɗarsa a gaban abokan nomansa ya ce, "Ka dai kula, kayan mutane ne. Kada ka ba mu kunya."

Ban san lokacin da na buga sandata a jikin mota ba.

"Rufe mini baki! Kunyar me? Kunyar tumatir?"

"Haba Inna, nasiha ce kawai nake..."

"Na ji irinta, na ga inda ta kai mu. Kai Mai-suna, zo nan. Tsuguna."

Ya tsuguna yana murmushi yana satar kallon abokansa. Na kama kunnensa, ba da wasa ba.

"In ya ruɓe, ka zubar ka dawo. In an sace, ka dawo. In ko akwati ɗaya bai tsira ba, ka hau mota ka dawo. Duk wanda yake da magana a cikin waɗannan ya zo ya same ni. Maimaita."

"Kaka, ai yanzu akwai waya, ba wanda yake ɓata."

"Na ce maimaita!"

Ya maimaita, abokansa suna ƙunshe dariya. Da motar ta ɗaga ya leƙo ya ce, "Amarya, me zan kawo miki tsaraba?" Na ce ya ɗuro mini ruwan tekun nasu a kwalba, akwai tsohuwar gardamar da nake so in raba.

Ranar na sa aka ajiye mini wayar uwar 'yarsa a kan cinyata, ni da nake zagin waya safe da yamma, na hana kowa taɓawa. Sai da na zauna na lura a kan dakalin Inna nake. Da ya kira kuwa, bayan kwanaki, da hantsi ne, tun daga sallamarsa na san an yi. Motar ta lalace musu a hanya, sun yi kwanaki a rana suna jiran makaniki, fiye da rabin kayan ya tafi. Ya faɗa, ya yi shiru. Na san wannan shirun. Shekara da shekaru ina jinsa daga Ikko.

"Kaka," ya ce, muryarsa can ƙasa, "ban san yadda zan kalli abokan nomana ba. Ina ganin zan ɗan tsaya in nemi..."

"Me na ce maka a bakin titi?"

Na ƙara manna wayar a kunnena.

"Kai nake tambaya, Salisu!"

Ban taɓa kiran sunan ba tun da aka raɗa masa, sai ranar. Ina jin yadda ya ja numfashi.

"In zubar in dawo."

"To me kake jira?"

Ya dawo a bayan wata motar shanu da ta juyo ba kaya, ya rame, ya yi baƙi, idanu sun faɗa. Abokan nomansa suka zo, aka yi jaje, aka yi ɗan gunaguni, wani ya yi fushi ya daina gaishe shi har zuwa Juma'a, shi ke nan fa. Iyakarta ke nan! Abin da ya cinye mana mutum sukutum. Da jama'a suka watse ya shigo ya ɗare kan turmina, ban hana shi ba, ya zaro wata robar lemo daga aljihu ya miƙo mini. Ruwa ne a ciki, ɗan gurɓi-gurɓi, da yashi kwance a gindi.

Na buɗe, na yi bisimilla, na kurɓa. Na furzar da shi a tsakar gida. Na-Ikko ne mai gaskiya, Baba, gishiri ne zalla, ko kwami ɗaya ba zai shayar ba.

"Tir!" na ce, ina goge bakina da gefen mayafi, na haɗa har da idanun. "A bakin wannan abin Yaya Sale ya zauna ya bar mu?"